Wa Ya Cancanci Rawanin Sarkin Makaɗan Jitar Bes?

A shekarar 2011 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta nemi masu karanta ta su zaɓi gwanin gwanaye a kaɗa jitar bes, suka ba John Entwistle na ƙungiyar The Who ta Ingila. Da aka shekara tara, a 2020, sai ma'aikatan mujallar suka zauna suka fitar da nasu jerin na mutum 50. Entwistle ya gangaro na uku, aka ɗora James Jamerson a kan gaba, mutumin da ya rasu tun 1983, wanda akasarin waɗanda suka taka rawa da kiɗansa ba su taɓa jin sunansa ba yana raye. Masu karatu sun zaɓi wanda suka gani a dandali yana burge su, su kuwa marubutan sun zaɓi wanda makaɗa ke kira malaminsu. Duk gardamar da ake yi kan wannan kayan kiɗa daga nan take tasowa.

Jitar bes dai 'yar'uwar jita ce, sai dai wuyanta ya fi tsawo, tsirkiyarta huɗu ce masu kauri, muryarta kuma tana can ƙasa. Mai kaɗa ta yana tsaye ne tsakanin mai ganga da sauran makaɗa. Yana bin bugun ganga don kada kiɗa ya kwance, yana kuma nuna wa kunne gindin sautin da waƙa ke zaune a kai. Idan ya yi aikinsa daidai, sai a yabi mawaƙi. Mu ma nan gida haka abin yake: kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunayen masu kalangun da ke bayansa?

Kayan ba tsoho ba ne. Wani Ba'amurke, Paul Tutmarc, ya ƙera irinsa a Seattle cikin shekarun 1930 amma bai samu kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass, ita ce ta karɓu. Kafin nan aikin yana hannun wani ƙaton goge na Turawa da ake kafawa a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ƙarar ganguna da ƙahonni na danne shi. A nan ma jerin 2020 ya haɗa abin da bai kamata a haɗa ba, domin ya sa Charles Mingus na biyu, Ron Carter na goma, alhali dukansu da wancan ƙaton gogen suka yi suna. Manyan malamai ne, babu ja. Carter ma ya shiga kundin Guinness a 2015 da ɗaukar kiɗa 2,221. Amma fagensu daban ne, don haka na ajiye su gefe da girmamawa.

An haifi Jamerson a 1936 a jihar South Carolina, ya koma Detroit yana saurayi, a can ya koyi kaɗa gogen tsaye ya shiga gidajen kiɗan jaz. Daga 1959 ya fara aiki da Berry Gordy, mai kamfanin Motown, cikin rukunin makaɗan da ake kira Funk Brothers. Waɗannan mutane suna zuwa ɗan ƙaramin situdiyon kamfanin kamar ma'aikatan masana'anta, a miƙo musu takarda mai ɗauke da ƙashin waƙa, su sa mata nama. A wancan lokaci mai bes a waƙoƙin rediyo sauti biyu yake maimaitawa, ya buga wannan ya buga wancan har a gama. Jamerson ya ƙi tsayawa nan. Ya shigo da abin da ya koya a jaz: ya riga bugun ganga da ɗan kaɗan, ya ratsa ta sautukan da ke tsakani, ya bar gurbi inda ake jiran bugu, ya riƙa amsa wa mawaƙi tamkar suna zance. Duk da wannan yawo, ba a taɓa cewa ya ɓata wa mai rawa taku ba. A saurari "Bernadette" ta Four Tops ta 1967, ko "For Once in My Life" ta Stevie Wonder ta 1968, inda da wuya ka ji ya maimaita abin da ya kaɗa a gaɓar baya.

Abin mamaki, da yatsa ɗaya yake wannan aiki, manuniyar hannun dama, har aka yi mata laƙabi da ƙugiya. Jitarsa Precision ce ƙirar 1962, tsirkiyoyinta sun yi nesa da wuya har wasu makaɗa ba sa iya danna su, kuma ba ya sauya su sai in sun tsinke, domin yana son dusasshiyar muryar da tsohuwar tsirkiya ke bayarwa. Ana ba da labarin cewa a daren da Marvin Gaye ya nemo shi don waƙar "What's Going On", an same shi a wani gidan kiɗa ya sha ya yi tatil, ya kasa zama a kujera, sai ya kwanta rigingine a ƙasa ya kaɗa. A faifan nan na 1971 ne Motown ta fara rubuta sunayen makaɗanta, bayan sun shafe sama da shekara goma suna yi mata aiki a ɓoye.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Kamfanin ya tashi zuwa Los Angeles a 1972, ya bi shi, amma salo ya sauya, giya ta ci ƙarfinsa, aiki ya ja baya. An sace jitarsa dab da rasuwarsa a watan Agustan 1983, yana da shekara 47. Sai a shekarar 2000 aka sa shi a zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Paul McCartney na Beatles da kansa ya sha faɗin cewa daga kiɗan Motown ya ɗauki salonsa, tun bai san sunan mai kaɗawar ba.

Mutum ɗaya ne a ganina zai iya ja da Jamerson, shi ne Jaco Pastorius. A Florida ya tashi, an haife shi a 1951, da ganga ya fara, sai ya ji rauni a wuyan hannu wajen ƙwallo ya koma bes. Ya ciccire ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitarsa, ya cike gurabensu, ya shafe katakon da irin gam ɗin da ake shafa wa kwale-kwale. Da haka tsirkiya ta samu damar zamewa daga sauti zuwa sauti kamar muryar ɗan Adam. Faifansa na farko, na 1976, ya buɗe da "Donna Lee", wani sauti mai tsananin gudu da aka san Charlie Parker da shi a busa, shi kuwa ya kaɗa shi da bes, ba kowa tare da shi sai mai ganga ɗaya. Makaɗa da yawa sun ce da suka ji, sun rasa ko su ƙara himma ko su ajiye sana'ar. Ranar da ya fara haɗuwa da Joe Zawinul, jagoran ƙungiyar Weather Report, gabatar da kansa ya yi a matsayin wanda ya fi kowa iya bes a duniya. Zawinul ya ɗauke shi mai cika baki, amma daga baya ya ɗauke shi aiki, suka yi Heavy Weather a 1977.

Shi ma ya ƙare cikin tausayi. Taɓin hankali da shaye-shaye suka kai shi kwana a titi, kuma a 1987 wani mai tsaron ƙofar gidan rawa a Florida ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa yana da shekara 35. Me ya sa na sa shi bayan Jamerson? Jaco ya fito da bes gaban dandali, ya nuna za ta iya jan ragamar waƙa. Amma gadon da ya bari yana da illa: ya haifar da dubban matasa masu gudun yatsa waɗanda suka manta cewa akwai mawaƙi a gabansu. Laifin ba nasa ba ne, don wanda ya ji yadda ya lallaɓa muryar Joni Mitchell a faifan Hejira ya san mutumin ya iya hidima. Sai dai abin da Jamerson ya koyar ya shiga kowace irin waƙa da ake ji a rediyo, na Jaco kuwa ya fi zama a hannun ƙwararru.

Larry Graham ya samu gurbinsa ne da ƙirƙira guda. Yana matashi yana kiɗa da mahaifiyarsa, ita tana fiyano, babu mai ganga. Don ya cike giɓin sai ya riƙa marin tsirkiya mai kauri da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgar siririyar a madadin ƙarama. Da ya shiga Sly and the Family Stone duniya ta ji salon, musamman a waƙar "Thank You" ta 1969, kuma daga shi ne Marcus Miller da Flea da Louis Johnson suka ɗauka. Johnson ɗin nan shi ne ya kaɗa bes ɗin "Billie Jean" ta Michael Jackson, wanda ko yaro ya ji zai gane, amma je ka tambayi sunan mai kaɗawar. Bootsy Collins, da ya shiga ƙungiyar James Brown a 1970 yana ɗan shekara 18, da Bernard Edwards na Chic, wanda kiɗansa a "Good Times" ta 1979 aka ɗora "Rapper's Delight" a kai, duk 'yan sahun gaba ne.

Su McCartney da Entwistle fa? Gwanaye ne, kuma abin da McCartney ya yi a "Something" da "Come Together" ya isa shaida. Amma a riƙa faɗin gaskiya, sunan Beatles da The Who yana ƙara musu maki a duk zaɓen da jama'a ke jefa ƙuri'a. Carol Kaye ba ta da wannan gatan. Mai jita ce a situdiyoyin Los Angeles, ta ɗauki bes a 1963 ranar da wanda aka gayyata bai zo ba, daga nan ta yi aikin ɗaukar kiɗa da ake ƙiyasta ya kai 10,000, ciki har da Pet Sounds na Beach Boys. Akwai tsohuwar taƙaddama kan wasu waƙoƙin Motown da ta ce ita ta kaɗa, masu binciken tarihin Jamerson suka ce shi ne. Ko an cire waɗannan gaba ɗaya, abin da ya rage mata ya ishe ta.

Babban ƙorafina da jerin 2020 shi ne goman farkonsa: Amurkawa bakwai, 'yan Birtaniya uku. Ina Jamaika? A kiɗan rege bes ce ke ɗauke da waƙa, jita rakiya kawai take yi. Aston Barrett, da ake kira Family Man, shi ne jagoran makaɗan Bob Marley, ƙanensa Carlton yana kan ganga. Daga Catch a Fire na 1973 zuwa Exodus na 1977 da abin da ya biyo baya, hannunsa ne ake ji. Gwanintarsa tana wajen sanin inda zai yi shiru, ya bar gurbi sannan ya faɗo da nauyi. Shi ya koyar da Robbie Shakespeare. Idan ana auna yawan kunnuwan da kiɗan mutum ya shiga, daga Kingston zuwa Kano da Yamai, 'yan kaɗan ne za su kamo shi, amma bai shiga ashirin na farko ba. A 2006 ya kai ƙara wata kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙin kiɗansa, ya sha kaye. Ya rasu a watan Fabrairun 2024.

Afirka ma an yi mata rowa. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu shi ne ƙashin bayan faifan Graceland na Paul Simon na 1986. Sanannen gudun nan na cikin "You Can Call Me Al" rabin farko ya kaɗa, rabin ƙarshe injiniya ne ya juya kaset ɗin baya. Maƙwabciyarmu Kamaru kuwa ta zama kamar makarantar wannan sana'a albarkacin kiɗan makosa: Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Aladji Touré, Armand Sabal-Lecco, da Étienne Mbappé mai kaɗawa da baƙar safar hannu. Richard Bona, da aka haifa a Minta a 1967, jita yake kaɗawa a wani gidan jaz a Duwala har ranar da ya ji faifan Jaco na 1976, ya koma bes. Ya je Faris, ya wuce New York, ƙarshe ya tsinci kansa a ƙungiyar Zawinul ɗin nan da ya ɗauki Jaco aiki. Ga kaɗawa ga waƙa da harshen Duwala a lokaci guda. Shi ma Bootsy, da suka zo Legas da James Brown a ƙarshen 1970 suka je gidan rawar Fela, ya sha faɗin yadda makaɗan wurin suka ɗaure musu kai.

To, da ni za a ba alƙalami, Jamerson ne na ɗaya. Jaco ya biyo shi, Family Man na uku, sai Larry Graham, sannan Carol Kaye da McCartney su yi ta ja a tsakaninsu. Bona yana cikin gomana ko da wa za a cire.

Wanda zai musa, ina da sharaɗi ɗaya. Tsirkiyar bes da ta fi kauri tana karkarwa kusan sau 41 ne kacal a daƙiƙa, kuma 'yar lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da sauti mai zurfin haka. Mai sauraro da waya tsirara rabin aikin mutanen nan bai iso kunnensa ba. Ya nemi babbar lasifika ko abin sawa a kunne mai kyau, ya saurari "What's Going On" da "Exodus" da "Portrait of Tracy" ta Jaco a jere, sannan ya aiko mana da nasa jerin.