Yadda Ake Daidaita Saba Don Ta Yi Aiki da Sauri

Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, mukan ga ɗalibanmu sun yi cirko-cirko a gaban kwamfuta, shafin ya ƙi buɗewa. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan intanet, alhali wani lokaci matsalar tana can wajen saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa dubban mutane hidima a lokaci guda.

Abubuwa biyu ke ɗauke da nauyin wannan aiki: katin sadarwa, wanda ke karɓar saƙonni daga waya, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su. Saƙonni kan zo ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bai cika wuce bait 1,500 ba. A 1995 aka fito da Ethernet mai gudun megabit 100 a daƙiƙa, a 2002 kuma mai gigabit 10. A wannan gudun kati na iya karɓar ƙunshi sama da 800,000 a daƙiƙa ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bisa al'ada, duk ƙunshin da ya iso, kati yakan katse furosesa ya sanar da ita. In ta tsaya amsa kowace sanarwa, ba za ta sami sukunin yin aikinta ba. Saboda haka masana kan saita katin ya tara ƙunshi da dama kafin ya sanar sau ɗaya. Amma in aka tara da yawa, amsa za ta yi jinkiri, sai a nemi tsaka-tsaki.

Na biyu, furosesar zamani tana da sassa masu yawa, kowanne na iya aiki da kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka akan kunna tsarin RSS, wanda ke rarraba saƙonni ga sassan duka. In saba tana da furosesa biyu, gara a ba da aikin katin ga wadda ramin katin ke haɗe da ita.

Na uku, tsarin tsimin wuta yakan sa sassan furosesa barci, farkawarsu kuwa tana cin lokaci. Kashe shi yana ƙara sauri, amma yana ƙara shan wuta da zafi.

A ƙarshe, muna shawartar ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni: ku auna gudun saba da manhaja irin su iperf kafin ku taɓa komai, ku canja abu ɗaya tak, ku sake aunawa, sa'an nan ku rubuta abin da kuka gani a littafi.