Na Iya Amma Na Faɗi: Abin da Farfesa Sian Beilock Ta Gano Kan Ɗaukewar Kai a Jarrabawa

A zango na biyu na ajin farko, daren da za mu wayi gari mu rubuta jarrabawar lissafi, ni ne na tsaya gaban allo ina yi wa mutum tara tutoriyal har ƙarfe biyun dare. Washegari aka raba takarda. Tambaya ta ɗaya irin wadda na warware musu ce da hannuna, lambobi kawai aka sauya. Ina ɗaukar biro sai kaina ya ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta. Zufa ta karyo min, ina jin bugun ƙirjina a kunne, na kusa da ni kuwa har ya juya shafi. Da sakamako ya fito, bakwai cikin taran sun haye, ni malamin nasu na kwaso keri-oba. Mahaifiyata ta ce kambun baka ne. Abokin ɗakina ya ce, "Malam, kai dai ka cika nuna ka iya."

Na daɗe ina jin kunyar wannan labari. Abin da ya sa na fito da shi yanzu shi ne, lokacin da nake tara bayanan furojet ɗina na ci karo da ayyukan wata farfesa Ba'amurkiya, Sian Beilock, wadda ta shafe shekaru tana bincike a kan wannan abu ɗaya: me ya sa wanda ya iya yake kasawa daidai lokacin da ya fi buƙatar iyawar? Ta yi digirinta na uku a Jami'ar Jihar Michigan, ta koyar a Jami'ar Shikago, ta rubuta littafi mai suna Choke a 2010, kuma tun 2023 ita ce shugabar Dartmouth, mace ta farko da ta riƙe muƙamin. Ita ma abin ya taɓa cin ta. Tana yarinya mai tsaron gida ce a ƙwallon ƙafa, kuma ta sha ba da labarin ranar da kocin ƙasa ya zo kallo, ta yi wasan da ya fi kowanne muni.

Tushen bayanin nata wani sashe ne na aikin ƙwaƙwalwa da zan kira allon wucin gadi. Gwada wannan ba tare da biro ba: 37 sau 6. Za ka ce 30 sau 6, 180, ka riƙe. Sannan 7 sau 6, 42. Ka haɗa, 222. Inda ka ajiye 180 ɗin nan kafin ka gama sauran, shi ne allon. Ƙarami ne ƙwarai, abubuwa kaɗan yake ɗauka a lokaci guda. Matsalar ita ce, damuwa ma a kan wannan allon take rubutu. "Idan na faɗi me zan gaya wa Baba? Wa zai sake biyan kuɗin makaranta? Kowa na rubutu ban da ni." Kowace jimla cikin waɗannan tana cin wuri. Karatun da ka yi yana nan bai gudu ba, wurin da za ka baje shi ka yi aiki da shi ne aka cinye. Shi ya sa kana fitowa daga hol, kafin ka kai bakin get, amsar take faɗo maka.

A 2005 ita da Thomas Carr suka wallafa binciken da ya fi taɓa ni. Sun ba ɗaliban jami'a wani irin lissafi mai matakai: a ba ka 51 da 19 da 4, ka cire 19 daga 51, ka samu 32, ka duba ko 4 za ta raba shi ba saura. Da farko aka bar su suka yi hankali kwance. Daga nan aka ɗora musu nauyi: aka ce akwai kuɗi idan suka ƙara ƙoƙari, amma an haɗa kowa da abokin tarayya wanda ya riga ya yi nasa, in ka gaza kun yi asara ku biyu, ga kuma kyamara tana ɗauka don malaman lissafi su kalla. Wa kake zaton ya fi rikicewa? Ba masu rauni ba ne. Masu faffaɗan allo ne, waɗanda suka fi kowa ƙoƙari kafin a matsa musu, makinsu ya sauko har ya yi daidai da na sauran. Dalili kuwa, su sun saba bin doguwar hanya, mataki bayan mataki, saboda suna da wurin yin haka. Da damuwa ta cinye wurin, abin da suke taƙama da shi ne ya tafi. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi shiru.

Akwai wani kuma na 2012, ita da Ian Lyons, inda suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu tsoron lissafi. Sassan da ke aiki in mutum yana jin ciwo a jikinsa sun motsa, amma ba lokacin yin lissafin ba, lokacin da aka sanar da su cewa lissafi na tafe. Wato jiran ya fi dukan zafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin shiga hol da katin jarrabawa a hannu ya san wannan ba sai da na'ura ba.

To mene ne magani? Nan ne aikinta ya fi yin suna. A 2011 ita da ɗalibinta Gerardo Ramirez suka fitar da bincike a mujallar Science. Kafin jarrabawa aka ba wasu ɗalibai minti goma su rubuta duk abin da ke damun su game da jarrabawar, ba ɓoye-ɓoye. Wasu kuma aka ce su zauna kawai. A gwajin ɗakin bincike, waɗanda suka zauna kawai makinsu ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, masu rubutun kuma nasu ya ƙaru da kashi 5. Da aka kai abin makarantar sakandare, ranar jarrabawar ƙarshe ta bayoloji, yara masu yawan fargaba da suka yi rubutun sun tashi da kusan B+, takwarorinsu da ba su yi ba B-. Fassarar masu binciken ita ce, in ka sauke damuwar a takarda, ta bar maka allon.

Amma kada in sayar muku da maganin gargajiya mai warkar da cuta casa'in da tara. A 2018 wata babbar tawagar masana ta ɗauki bincike 21 da aka buga a Science da Nature tsakanin 2010 da 2015, ta maimaita su da mutane masu yawa don a ga ko sakamakon zai sake fitowa. Guda 13 ne suka tsaya da ƙafarsu. Gwajin rubutun minti goma na cikin takwas ɗin da ba su fito ba. Ka tuna, gwajin farko na ɗakin bincike da mutum 20 kacal aka yi shi, bai kai rabin ajinmu ba. Shekara guda bayan haka, a 2019, Beilock da abokan aikinta suka fitar da wani mai ɗalibai 1,175 'yan sakandare. Wannan karon wasu sun yi rubutu, wasu an karantar da su cewa bugun ƙirji da zufa jiki ne ke shirin aiki, ba alamar faɗuwa ba, wasu an haɗa musu biyun. 'Ya'yan masu hali ba su ga wani canji ba. A cikin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuwa, waɗanda suka faɗi kwas ɗin sun sauko daga kashi 39 zuwa 18. Adadi ne mai kyau, sai dai masu dabarar ne da kansu suka auna ta, kuma a Amurka aka yi, ba a hol mai mutum ɗari uku da fanka ɗaya ba.

Ni a ganina, bayanin allon ya fi dabarar rubutun ƙarfi. Kuma akwai darasi na biyu a aikinta da ya fi kama da rayuwarmu. Tun 2001, a gwajin wasan golf, ta nuna cewa waɗanda suka yi atisaye ana ɗaukar su a kyamara ba su rikice ba da aka matsa musu daga baya, don sun saba da ido. Mu fa ya muke karatu? A kan katifa, da handawut a buɗe, ana kallon amsa ana gyaɗa kai. Babu agogo, babu mai sa ido. Ranar jarrabawa ce rana ta farko da muke haɗuwa da tambaya ita kaɗai.

Wani bincikenta na 2010 kuma ya shafi 'yan'uwa mata da da yawa cikinmu da za su kama koyarwa a firamare masu zaman kansu kafin aiki ya samu. An bi malamai mata 17 na aji ɗaya da biyu. Zuwa ƙarshen shekara, inda malama ke tsoron lissafi, 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka yarda da haka makinsu ya fi ƙasa. Mazan bai taɓa su ba. Don haka "ni fa na tsani lissafi" ɗin nan da ake faɗa da wasa gaban yara, ana ji.

Da na zo sake rubuta keri-obana, makina na gaba ɗaya yana dab da layin da ake nema don shiga HND, faɗuwa ta biyu na nufin shi ke nan. Mako uku ina ɗaukar tsofaffin tambayoyi, in rufe littafi, in saita awa biyu a waya, abokin ɗakin nan nawa ya zauna yana harara ta kamar mai sa ido, aikin da ya yi da daɗin rai fiye da kima. Ranar jarrabawa na zauna ƙarƙashin dalbejiya na cika shafi guda da tsorona, yawancinsa ba ma na lissafi ba ne, na Baba ne da kuɗin da ya ranto. Na samu C. Ko rubutun ne, ko atisayen, ko don karo na biyu ne, ba zan iya rantsuwa ba.

In za ka gwada, don Allah ka yaga takardar ka jefa a kwandon shara kafin ka shiga layi. In aka laluba aljihunka aka same ta, babu wanda zai tsaya karanta ta kafin a miƙo maka fom ɗin satar amsa.