Tarin Gado: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ana so Hakimai da malamansu su san wani ciwo wanda ba a cika samunsa ba, amma akan ɗauka tarin fuka ne, har a guji yaro, alhali kuwa ba ya kama wani.

A cikin hanci da hanyoyin numfashi Allah ya halicci waɗansu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, ba su ganuwa sai da madubin likita. Aikinsu shara ne: dare da rana suna kaɗawa, suna turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro. To, akwai yaran da akan haifa gasun nan nasu ba su motsi sosai. Sai majina ta kwanta a huhu, cuta ta sami wurin zama, a kwana a tashi huhun ya lalace.

Jariri yakan fara da wahalar numfashi tun ranar haihuwa, ko da watanninsa sun cika. Sa'an nan tari mai majina kullum, rani da damina, da toshewar hanci, da ciwon kunne mai rage ji. Abin mamaki, wajen rabinsu zuciyarsu a dama take. Wani likita a Zurik, Kartagener, ya bayyana wannan a 1933, kuma a 1976 Afzelius, mutumin Suwidin, ya nuna gasun ne sanadi. Mazansu da yawa ba su samun haihuwa.

Ciwon gado ne. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa, su kuwa lafiyarsu lau. Sa'an nan a kowane ciki ana tsoron ɗaya cikin 4. Shi ya sa ya fi yawa inda ake auren zumunci. Lalle a fahimtar da magidanta kada a dora wa uwa laifi, balle a sake ta, domin rabin abin daga uba ya fito.

Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da shi ba, amma in an gane da wuri akan tsare huhu. Kadan Dagaci ko Mai Unguwa ya kawo labarin yaro mai irin tarin nan, ko wanda ya sha maganin tarin fuka bai sami sauƙi ba, sai malami ya rubuta ranar da tarin ya soma, da ko akwai mai irinsa cikin 'yan'uwa, a tura shi babban asibiti. Can za a koya wa uwa bubbuga ƙirji kullum don majina ta fito, a ba da maganin ƙwayoyin cuta. A yi masa rigakafi duka, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba.