Daga minjirya zuwa na'urar gashi: abin da lantarki zai iya yi wa majinyacin Machina

Babu masuncin da ya daɗe yana jan taru a fadamun Nguru ko a kogin Yobe da ya ratsa ta gefen Gashua da zai ce bai san minjirya ba. Kifi ne maras ƙaya a baya, mai santsin jiki da gashin baki, wanda idan hannu ya taɓa shi cikin rashin sani sai mutum ya ji an fizge shi tun daga yatsu har kafaɗa. Masana sun auna ƙarfin wutar da babbar minjirya ke saki, suka same shi yana kaiwa kimanin bolt 350. Mutanen Masar na dā sun zana ta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, Larabawa kuma suka raɗa mata sunan tsawa. A wajejen shekara ta 47 miladiyya, wani likitan daular Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a riƙa ɗora wani kifin teku mai irin wannan wuta a kan mai matsanancin ciwon kai, har wurin ya yi sanyi. Ke nan tunanin yi wa jiki magani da lantarki ya girmi fitilar lantarki da ƙarnoni masu yawa.

A yau wannan tunani ya koma cikin 'yan akwatuna masu batir da wayoyi, waɗanda ake samu a sassan gashin ƙashi na asibitoci, ake kuma tallarsu a kasuwannin Abuja da shafukan intanet. Ma'aikacin da ya bar mahaifi a Machina, aka kira shi da dare aka ce ɓarin jikin tsohon ya shanye, shi ne mutumin da irin wannan talla ta fi kamawa. Yana da albashi, ba shi da hutu, kuma zuciyarsa na neman abin da zai saka a mota ya aika gida.

Machina tana can ƙuryar arewa maso yammacin Jihar Yobe, a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, garin duwatsu da tsohuwar sarauta, wanda aka fi sani da bikin al'adunsa na shekara-shekara da kuma zaman amana tsakanin mutanensa da macizai. Asibitin tarayya mafi kusa da ita shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, tafiyar kimanin kilomita 50. Gashua tana gaba da Nguru ta gabas da fiye da kilomita 60. Wanda lamarinsa ya fi ƙarfin waɗannan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ko Maiduguri, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Nisan nan shi ne ginshiƙin matsalar, domin gashi ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a tafi. Aiki ne na makonni da watanni, kuma mafi yawan farfaɗowar da mai shanyewar ɓarin jiki zai samu tana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko. Iyalin da za su ɗauki shatar mota sau biyu a mako, ga kuɗin mai ya tashi tun bayan cire tallafi a 2023, sukan gaji tun kafin wata ya zagayo. Daga nan sai a koma ga maɗori, ko ga na'urar da ɗa ya aiko daga birni.

To, mene ne na'urorin ke yi a zahiri? Mafi yaɗuwa ita ce wadda ake kira TENS. Ana manna 'yan fefayi a fata, wuta maras ƙarfi ta ratsa, majinyaci ya ji kamar tafiyar kiyashi. Hujjarta ta samo asali ne daga bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka wallafa a 1965, cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, kuma saƙon taɓawa yana iya rage wa saƙon zafi hanyar wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya sunkuya yana murza yatsa ya riga ya yi aiki da wannan ilimi. Sai dai abin da na'urar ke bayarwa sauƙi ne na ɗan lokaci, galibi muddin tana kunne. Ba ta mayar da gurguntsin da ya zaizaye a gwiwa, ba ta kuma gyara ƙashin baya. Har ma hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta umurci likitoci a 2016 da kada su riƙa ba masu ciwon baya TENS, saboda hujjojin amfaninta a wannan ciwo ba su gamsar ba. Ta fifita motsa jiki. Wannan hukunci ya kamata ya tsaya a ran ma'aikacin da ke wuni a kujera a Sakatariyar Tarayya, yana tunanin akwatin batir zai raba shi da ciwon ƙugu.

Inda lantarki ya fi nuna bajinta shi ne wajen tayar da tsoka. Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata umurni, umurnin kuwa shi kansa ɗan lantarki ne. Idan jini ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa, jijiyar da ke ƙafa tana nan lafiya, saƙo ne ya daina isowa daga sama. Na'ura tana iya kawo saƙon daga waje, tsoka ta takure ta saki, ta haka a rage ramewarta, a kuma taimaka wa kafaɗar da ta saki kada ta zame daga gurbinta. Tun a 1961 wani likita mai suna Wladimir Liberson ya gwada wata dabara ga masu jan ƙafa: a sa makunni a ƙarƙashin diddige, da zarar an ɗaga ƙafa sai wuta ta zaburar da jijiyar da ke gefen gwiwa, tafin ƙafa ya ɗago, mutum ya taka ba tare da yatsunsa sun sharɓi ƙasa ba. Har yanzu ana aiki da wannan dabara. Amma a nan ma akwai sharaɗi mai nauyi. Ƙwaƙwalwa tana sake koyon motsi ne ta hanyar maimaici, wato majinyaci ya yi ta ƙoƙarin ɗaukar kofi, ya tashi daga tabarma, ya taka zuwa bakin zaure, sau ɗaruruwa. Wuta mataimakiya ce ga wannan ƙoƙari. Tsohon da aka shimfiɗe a ɗaki ana manna masa waya safe da yamma, ba a taɓa tsayar da shi ba, tsokarsa za ta yi ta rawa, tafiya kuwa ba za ta dawo ba.

Akwai kuma yaran da allurar da aka yi ba daidai ba a ɗuwawu ta taɓa musu babbar jijiyar ƙafa, abin da sassan gashi na arewa suka saba gani, musamman daga hannun masu allurar gida. Iyaye kan ɗauka shan inna ne, alhali tun Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya. A irin wannan rauni jijiyar ce da kanta ta lalace, don haka irin wutar da ake bukata da yadda ake auna ta sun bambanta, kuma na'urar kasuwa ba za ta gane bambancin ba.

Batun maganaɗisu ya fi ruɗarwa, domin suna ɗaya ne ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Na farko yana da tushe a gano da Michael Faraday ya yi a 1831, cewa maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da lantarki. A kan haka ne Anthony Barker da abokan aikinsa suka ƙera na'ura a Shefil ta Ingila a 1985, wadda ke zaburar da ƙwaƙwalwa ta bayan ƙoƙon kai ba tare da fiɗa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008 don masu ciwon damuwar da magani ya gagara, ana kuma ci gaba da gwada ta ga masu shanyewar jiki. Ita dai hukumar ta amince tun 1979 da wata na'ura mai bugun maganaɗisu don karayar da ta ƙi haɗewa. Waɗannan kayan asibiti ne masu tsada, masu bukatar ƙwararre da wuta tsayayya.

Na biyu kuwa shi ne awarwaro da ɗamara da katifa da takalmin da ake cewa an cusa musu mayen ƙarfe. Ana faɗa wa mai saye cewa suna jan ƙarfen da ke cikin jini, su gyara gudunsa. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin wanda mayen ƙarfe ke fizga ba ne. Da haka ne, da babu wanda zai fita da rai daga na'urar hoton MRI, wadda ƙarfin maganaɗisunta ya ninka na awarwaro nesa ba kusa ba. Wani nazari da Edzard Ernst da abokansa suka wallafa a 2007, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai sami hujjar cewa irin wannan maganaɗisu yana rage zafi ba. Illar awarwaron ba a jiki take ba, tana cikin abin da yake kora: mai hawan jini ya ɗaura shi, ya ajiye ƙwayoyinsa.

Wannan haɗari ya fi tsanani a yankin Bade. Gashua ta yi shekaru tana fama da yawaitar ciwon ƙoda, har masu bincike na Jami'ar Jihar Yobe suka duƙufa neman musabbabinsa. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda 'yan gida ɗaya ne, kuma dukansu suna shafar yadda za a yi gashi. Mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta mutu ba ya jin zafi, don haka na'ura mai dumama tsoka tana iya ƙona shi bai sani ba, ƙunar kuma ta zama gyambo. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi ba a kusantar da na'urar dumama mai gajeren zango ga wurin. Ba a manna wuta a jikin mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko a cikin mai juna biyu, ko a gaban wuya, ko a ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta. Mai talla a tasha ba zai yi ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi ba. A ɗaya gefen, TENS da aka yi amfani da ita bisa shawarar ƙwararre tana da wata fa'ida ta musamman a irin wannan yanki: idan ta sa mai ciwon gwiwa ya rage haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yawan shansu ke cutar da ƙoda, ta yi aikin da ya fi kuɗinta.

Doka ba ta bar sana'ar sakaka ba. Gashin ƙashi na zamani ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, daga baya Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suka bi sahu. Dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu wannan aiki rajista, kuma NAFDAC ce ke da alhakin sa ido a kan na'urorin jinya da ake shigowa da su. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a Mayun 2023 cewa a shigar da aikin farfaɗo da majinyata cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko. Matakin farko a arewacin Yobe shi ne ƙaramin asibitin ƙauye, inda jami'in lafiya ɗaya ke karɓar haihuwa, ya yi rigakafi, ya duba zazzaɓi. Hadiman da ke rubuta wa 'yan majalisa jerin ayyukan mazaɓa sun fi son sayen na'ura, domin na'ura tana ɗaukar hoto ranar ƙaddamarwa. Amma manyan na'urorin dumama ba sa aiki sai da wuta mai ƙarfi, a jihar da ke ƙarshen layin kamfanin rarraba lantarki na Yola, fefayin mannawa kuma suna ƙarewa, sai an sayo daga Kano. Ƙananan na'urorin tayar da tsoka kuwa batir ya ishe su, faifan sola ɗaya zai riƙe su. Abin da ya fi ƙaranci shi ne mutumin da zai duba majinyaci, ya saita na'urar, ya koya wa 'yarsa ko jikansa yadda za su juya shi, su miƙar da shi, su sa shi ya taka.

Ga ma'aikacin da ke Abuja, dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sanya wa hannu a 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma rajistarsa ta ofis ta ƙunshi shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu ne, iyaye ba sa ciki sai an yi musu tasu daban. Don haka kuɗin jinyar tsohon da ke Machina daga aljihunsa za su fito. Kuɗin katifar maganaɗisu guda suna iya biyan motar zuwa Nguru sau da dama a cikin watanni ukun farko, da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, da na'urar awon jini, da ƙwayoyin hawan jini na rabin shekara.