Gwajin Herpes: Yadda Ake Karanta Takardar Sakamako

A Malumfashi da Funtuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, duk wanda ƙuraje suka feso masa a gaba yakan ce sanyi ne ya kama shi, ya nufi kemis ko wurin mai maganin gargajiya. Yanzu da ɗakunan gwaji suka ƙaru, wasu kan je a ɗebi jininsu, su dawo gida da takarda mai ɗauke da haruffa irin su HSV-1, HSV-2, IgG da IgM. Mutum na ganin an rubuta "positive" sai gabansa ya faɗi. Wani lokaci kafin a ga likita ma an riga an soma zargin juna tsakanin miji da mata. Alhali wannan takarda tambaya ɗaya tak take amsawa, sauran kuwa ba ta da ta cewa a kansu.

Herpes ƙwayar cuta ce ta bairos, kuma iri biyu ce. Ta farko, HSV-1, ita ce ke kawo ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe ko gefen baki bayan zazzaɓi. Yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarta ta hanyar yawu, ko daga babban da ya sumbaci yaro. Ta biyu, HSV-2, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma a al'aura take fitowa, kodayake ta farkon ma tana iya sauka can. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da HSV-1, wato kusan kashi 64 cikin ɗari. Masu HSV-2 kuwa sun kai miliyan 520 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba, don ba ta taɓa nuna musu wata alama ba. Idan ta shiga jiki sai ta laɓe a jijiya, ta riƙa tasowa jefi-jefi idan an yi rashin lafiya ko wahala ta yi yawa.

Hanya biyu ake bi wajen gwajinta. Ta farko, a dangwalo ruwan ƙurjin da auduga a kai shi na'urar PCR, wadda ke neman ƙwayar ita kanta. Wannan shi ne gwaji mafi inganci, kuma yana bambance HSV-1 da HSV-2. Sharaɗinsa shi ne a je da wuri, tun ƙurjin na ɗanye, cikin kwana ɗaya ko biyu da fitowarsa. Idan ya bushe ya yi ɓawo, ana iya gwadawa a rasa komai alhali ƙwayar na nan. Ba kowane ɗakin gwaji ke da wannan na'ura ba, shi ya sa likita a Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa ke iya tura mutum gaba, zuwa Katsina ko Shika ko Kano. Inda hakan bai samu ba, likita kan duba ciwon da ido, ya sa a gwada tunjere da ƙanjamau, ya ba da magani bisa abin da ya gani.

Hanya ta biyu ita ce gwajin jini, kuma a nan ruɗanin yake. Gwajin jini ba ƙwayar yake nema ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta yake aunawa. Idan takarda ta nuna akwai HSV-1 IgG, abin da take nufi kawai shi ne jikinka ya taɓa gamuwa da wannan ƙwaya, mai yiwuwa tun kana goye a bayan mahaifiyarka. Ba ta faɗin ko a baki take ko a gaba. Idan HSV-2 IgG ce aka samu, kuma aka tabbatar, to kusan ko da yaushe ta al'aura ce. Idan kuma ba a ga komai ba, sai a duba lokaci: jiki na iya ɗaukar har mako 12 kafin garkuwar ta bayyana a jini, don haka wanda ya gwada kwana goma bayan abin da yake tsoro, sai ya sake daga baya. Shi kuwa IgM, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a dogara da shi, domin ba ya bambance iri biyun, kuma ba ya tabbatar da cewa sabon kamu ne.

A kuma lura da lambar da ke gefen sakamakon. A gwajin HerpeSelect na HSV-2, wanda ya fi yaɗuwa, idan lambar ta faɗo tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa sai a tarar mutum ba ya da cutar, shi ya sa ake so a maimaita da wani gwaji na daban kafin a yanke hukunci. Bincike a ƙasashen Afirka ya nuna wannan kuskure ya fi yawa a jinin mutanen nahiyar. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin Widal aka ce taifot gare shi alhali maleriya ce ke damunsa, ya san takardar gwaji ma tana kuskure. Irin wannan kuskure ne ya sa kwamitin ƙwararru na Amurka, a 2016 da kuma 2023, ya ba da shawarar kada a riƙa yi wa masu lafiya, waɗanda ba su da wata alama, gwajin jinin herpes haka kawai. Ba ya kuma cikin gwaje-gwajen da aka saba yi kafin aure, irin su ƙanjamau da ciwon hanta da sikila.

Magidanta su riƙe wannan da kyau. Babu gwajin da zai faɗi ranar da aka ɗauki herpes, ko daga wa aka ɗauka. Mutum na iya ɗauke da ita shekara da shekaru ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, sannan ta fito. A wurinmu, inda zawarawa ke sake aure kuma gida ɗaya kan tara mata biyu ko uku, wadda ƙurajen suka fara bayyana a jikinta ba lallai ita ta kawo cutar ba. Sakin mace ko zargin miji a kan wannan takarda zalunci ne, kuma zato zunubi.

Akwai mutum biyu da sakamakon ya fi shafa. Mai juna biyu da ta ga ƙuraje a gabanta, musamman a watannin ƙarshe, ta gaya wa ungozoma ko likita a wurin awo ba tare da jin kunya ba, domin ƙwayar na iya kama jariri wajen haihuwa, kuma tana da haɗari gare shi. Ana ba da magani daga mako na 36 na cikin, wani lokaci kuma a zaɓi tiyata. Na biyu shi ne duk wanda aka tabbatar yana da HSV-2, domin tana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku, saboda haka ya kamata ya gwada wannan ma.

Har yau ba a sami maganin da ke fitar da herpes daga jiki gaba ɗaya ba, duk da abin da masu talla da lasifika ke faɗa a kasuwa. Ƙwayoyin ampicillin da makamantansu ba sa taɓa ta. Amma acyclovir da valacyclovir na rage zafi da tsawon ciwon, kuma yawan tasowarsa kan ragu da shekaru. A ƙaurace wa shimfiɗa idan ƙuraje sun fito, kuma mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jinjiri.

Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ya kai ta wurin likita ya yi tambaya huɗu: na jini ne ko na ƙurji, HSV-1 ce ko HSV-2, IgG ne ko IgM, kuma lambar nawa ce? Amsoshin nan su za su nuna ko magani ake bukata, ko a sake gwaji, ko kuwa babu abin damuwa tun farko.