Maki ɗaya da rabi: cinikin da babu sa, babu tunkiya

Matashin unguwar Yerimaram ta Potiskum da ya taɓa leƙa Bet9ja a wayarsa ya san handikap: a zabge wa Manchester City ƙwallo ɗaya ko biyu tun ba a busa usur ba, don karawarta da ƙaramar ƙungiya ta cancanci a zuba kuɗi. Amurkawa ma suna yin haka a wasan besbol, inda ƙungiyoyi 30 na gasar MLB ke buga wasa 162 kowacce a kaka guda. Tazarar da suka saba sawa maki ɗaya da rabi ce. Wanda ya bi babbar ƙungiya, a ce Dodgers, ba zai ci ba sai ta yi rinjaye da maki biyu ko fiye. Wanda ya bi ƙaramar kuwa, ko an doke ta da maki ɗaya, ya sha. Rabin nan maganin canjaras ne, tunda babu mai cin rabin maki.

A ido tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma fiye da rubu'in wasannin gasar da ratar maki ɗaya suke tashi, kuma dokar wasan na da hannu a ciki. Zagaye tara ake yi, masu masaukin baƙi ke da bugun ƙarshe. In suna gaba, ba su ma yin bugun; in kuma a cikinsa suka wuce, nan take alkalin wasa zai tashi wasan, galibi da maki ɗaya tak. Sai ka ga ƙungiyarka ta yi nasara, kuɗinka kuwa sun bi ruwa.

Sabon salon zuba kuɗi a irin waɗannan wasanni shi ne na dandali irin su Kalshi da Polymarket, masu kiran kansu kasuwar hasashe. Takardar "e" ko "a'a" ake saye a ƙasa da dala ɗaya, wadda ta dace a biya ta dala guda cur, ɗayar ta tashi a tutar babu. In ana sayar da ita kashi 40 cikin ɗari na dala, to haka jama'a suka auna yiwuwar abin. Masu kare tsarin na cewa ba caca ba ce, tunda mai saye da mai sayarwa ke yanka farashi, kamar a karar shanun Potiskum. Sai dai a kara, bayan dillali ya karɓi la'adarsa, wani ya tafi da sa, wani da kuɗi, kowa ya amfana. A nan ribar Audu asarar Tanko ce, Kalshi kuma ta yanki la'adarta. Masu kare tsarin kuma na cewa farashin na hasashe da kyau. Haka ne sau da yawa, amma wannan hujja ce a kansu: in farashi ya riga ya haɗiye duk abin da masana suka sani, me ya rage wa mai waya a Yerimaram ya fi su sani?

Rigimar sunan ta kai kotu a Amurka, inda jihohin Nevada da New Jersey suka nemi hana Kalshi a 2025, ita kuma ta fake da lasisin hukumar tarayya. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta mayar wa jihohi ikon kula da caca a Nuwamban 2024, shekarar da Hisbar Kano ta garƙame shagunan cacar ƙwallo. Shago dai yana da ƙofar da za a sa wa kwaɗo; wannan kasuwar kuwa a aljihun yaro take ci.