Amanar Mai Saye a Kasuwar Intanet

Tun da ciniki ya ƙaura daga rumfa zuwa cikin wayar hannu, har ya zamana mai atamfa a Kantin Kwari yana baje hajarsa ga matar da ke Agadas ko Kumasi ba tare da ɗayansu ya ɗaga ƙafa ba, sai wata mas'ala ta taso wadda fataken da ba su san ta ba, wato hukuncin bayanan da mai saye yake bari a bayansa: sunansa, da lambar wayarsa, da unguwarsu, da abin da idonsa ya daɗe a kai.

Dalilin da ya sa Facebook da Instagram ba sa karɓar ko anini daga mai shiga shi ne, arzikinsu daga masu talla yake fitowa, su kuwa masu talla ba don komai suke biya ba sai don a kai tallarsu ga wanda ake kyautata zaton zai saya. Saboda haka kamfani yakan dasa wata 'yar alama a shafinsa, wadda ido ba ya gani, tana kai rahoton duk wanda ya leƙo. In mace ta tsaya kallon wani leshi da hantsi, ta wuce ba ta taya ba, kafin la'asar sai ta tarar leshin ya riga ta zuwa duk shafin da ta buɗe.

Ba a farga da girman al'amarin ba sai a 2018, sa'ad da asiri ya tonu cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya mallaki bayanan mutanen da adadinsu zai kai miliyan 87 daga Facebook, galibinsu ba da saninsu ba, domin aikin siyasa. A 2019 hukumar ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Tarayyar Turai kuwa, tun ran 25 ga Mayu 2018 ta fara zartar da dokar kare bayanai da ta ba da ikon cin tarar da ta kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. Da Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai waya a 2021, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da bakinsa ya ƙiyasta hasarar kimanin dala biliyan 10 a shekarar da ta biyo baya, wanda ya isa hujja cewa jama'a da yawa, in an tambaye su, ba sa yarda. Nijeriya ma ta kafa tata dokar kare bayanai a Yunin 2023, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta yanke wa Meta tarar dala miliyan 220.

Kada ƙaramin ɗan kasuwa ya zaci maganar ta manya ce kurum. Wanda ya tattara lambobin abokan cinikinsa ya zuba su a zauren WhatsApp ba da izninsu ba, har lambar matar aure ta bayyana ga baƙin da ba ta sani ba, ko kuwa ya ɗauki hoton shaidar biya ta banki, da sunan mai biya ɓaro-ɓaro, ya manna don nuna kasuwa na ci, lalle ya yi tasarrufi da abin da ba mallakinsa ba ne.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa yarda ita ce sharaɗin ciniki, kuma Suratul Hujurati ta yi hani ga tajassusi. Wanda ya ba da lambarsa don a kai masa kaya, ajiya ya bayar saboda buƙata guda, ba kyauta ba. Wajibi ne ga mai talla ya nemi izini a sarari, ya taƙaita ga abin da cinikin ke buƙata, ya share lambar duk wanda ya ce a bar shi. Gama talla tana iya jawo mutum sau ɗaya, amma ba ya komawa wurin wanda ya tona masa asiri.